Guntayen Katako Uku

Babanmu kafinta ne, irin wanda ba ya yarda da awon ido. Ko labule za a rataya a gida sai ya zaro tef daga aljihu, har Umma takan ce da zai samu hali da gishirin miya ma ya auna da shi.

Shekara biyu da suka wuce Umma ta yi fama da ciwon ciki, aka tura ta hoto. Ciwon ya tafi da kansa, amma hoton ya tono abin da ba a je nema ba: wani ɗan ƙari a ƙodarta ta hagu. Likita ya ce ƙarami ne, santimita ɗaya da rabi, kuma irinsa da yawa ba sa motsi. Ya ce a zuba masa ido, duk wata shida a sake hoto. In ya fara girma sai a yanke shi tun da wuri, a bar mata ƙodarta.

Maganar yankan ce ta tsaya wa Umma a rai, don ƙanwarta da ƙafarta ta shiga ɗakin tiyata, ba ta fito da rai ba. Daga ranar da aka ambaci yankan ta daina shiga ofishin likita. Takan kwanta a yi hoton, sannan ta zauna a benci a baranda, Baba ya shiga ya jiyo mata.

Ita ba ruwanta da wani santimita. Sai Baba ya shiga shago ya yanko guntun katako daidai girman abin, ya goge shi sumul, ya sa mata a tafin hannu. Bai wuce maɓallin riga ba. Ta juya shi ta yi dariya, ta ce ashe wannan ɗan mitsitsin ne ya hana ta sakat. Ta ajiye shi a kan taga.

Bayan wata shida ya kawo na biyu, bayan wasu shidan ya kawo na uku. Ta jera su, duk kansu ɗaya. Mu 'ya'ya muka yi hamdala, kowa ya koma sabgarsa. Ni da nake taƙama da boko ban taɓa cewa a ba ni takardar in karanta ba, kuma abin yana cina har yau.

Saura wata biyu a yi hoto na huɗu, Baba ya yanke jiki ya faɗi a shago, zarto a hannunsa. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Da aka zo yin hoto na huɗun, ni na raka Umma. Na bar ta a bencinta na shiga. Likita ya juyo mini fuskar kwamfuta, ya tambayi dalilin da ya sa muka ɓace. Ya ce tun a hoto na biyu abin ya fara motsi. A na uku ya gaya wa Baba a kawo ta a yi aiki cikin wata guda, har takarda ya rubuta masa. Yanzu ya kai santimita huɗu da rabi, ya kuma nutsa ciki, sai dai a cire ƙodar gaba ɗaya. Ya ce ana rayuwa da guda, amma bai ɓoye mini ba cewa ciwon sugan da take fama da shi ya riga ya taɓa ta dama.

Na fito raina a ɓace. Haushin mamaci yana da nauyi, don ba wanda za ka yi wa faɗa. Da muka isa gida na buɗe akwatin kayan aikinsa, na tarar da takardar a ninke ƙarƙashin guduma. Na kai wa Umma, na faɗa mata komai. Har cewa na yi Baba ya cuce ta.

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta kwaso guntayen daga taga.

"Ke 'yar nan, shekara arba'in ina zaune da mutumin nan," in ji ta. "Da ya kawo na farko, sai da ya ɗora masa tef ya nuna mini lamba. Na biyu da na uku bai ko taɓa aljihunsa ba. Mutumin da yake auna labule."

"To Umma, me ya hana ki magana?"

"Ranar da aka fito da ƙanwata, shi ne a tsaye a ƙofar ɗakin tiyatar. Ni wuƙa nake tsoro, shi kuwa ƙofar nan yake tsoro. Na ce bari in ɗan saurara masa ya tattara ƙarfinsa. Ban san kwanansa ne suka ƙare ba."

Ta sa na ɗauko tef ɗin Baba, ta ce in nuna mata huɗu da rabi. Na ja, na danne da yatsa. Ta ɗora guntu ɗaya, ta ƙara na biyu. Sai da ta jera ukun suka cika wurin. Ta daɗe tana kallonsu.

"Kira likitan, ki ce ya sa rana," ta ce. "Amma ki shirya, ke za ki tsaya a ƙofar."