Ƙwayar da Aka Zubar a Kwata

"Kai ka kashe shi, Babba. Ba mai tirela ba, kai."

Haka na faɗa masa a tsakar gidansu, mata na zaune kan tabarmi, uwarsu na jingine da bango. Wata ta ja mini zane, wai in yi shiru, ruɗin tsufa ne. Tsufan lafiya! Idona ras, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da gidan nan.

Auta kafinta ne, ƙanin Babba. Ba zan wanke shi don ya mutu ba: ya sha ƙwaya a da, ya sha har kansa ya taɓu, har yana hira da gudumarsa. Aka kai shi asibitin masu taɓin hankali. Ya dawo ya yi kumatu, da magani a 'yar roba, ƙwaya fara da safe, ja da yamma. Likita ya ce kada ya kuskura ya tsallake. Ya koma rumfarsa ta bakin layi, ƙarar zarto ta dawo. Da ita nake sanin gari ya waye.

A ƙofata yake shan ta safe, wai ruwana ya fi sanyi.

"Amarya, a ba ango ruwa."

"Angon da ya kasa gyara mini kujera? Ƙafarta na rawa tun bara."

"Ai ita ce sadakin, ba a gaggawa."

Sai 'yan zaman kashe wando suka gan shi yana watsa magani a baki. Magana ta zaga, wai Auta ya koma shaye-shaye. Ta kai har shagon yadin Babba. Ran nan ina shanya na jiyo su ta katanga.

"Miƙo robar nan."

"Yaya, na asibiti ne."

"Ƙwaya ƙwaya ce! Da wadda ta haukata ka da wannan, duk ba haɗiya ake ba? Ka ishe ni da abin kunya."

"Yaya, don Allah."

Na leƙo. Babba ya juye robar a kwata, ya bi ta da bokitin ruwa. Fara da ja suka gangaro ta ƙofata. Na yi magana, ya ce, "Inna, wannan ta cikin gida ce." Ya kuma rantse in Auta ya sake taka hanyar asibiti sai ya kwashe masa kayan aiki. Na sami uwar na gaya mata. Ta ce Babba ya riga ya faɗa mata, ƙwayar 'yan iska ce ya kama shi da ita.

Zarto ya yi shiru. Auta ya koma zirga-zirga, bakin layi zuwa ƙarshen layi, ya dawo, ya koma. Ido ya faɗa. Riga a baibai.

Safiyar ƙarshe ya tsaya a ƙofata.

"Amarya, kawo kujerar."

Ya kifa ta, ya zare ƙafar da ke rawa.

"Inna, kina jin su? Sun dawo. Suna ta kirana."

"Su wa? Zauna, ɗan nan. Bari in ɗauko mayafi mu tafi asibitin, ni da kai."

Na ba shi ruwa. Ya kai tafin hannu baki kamar kullum, ba komai a ciki, ya kora. Kafin in fito da mayafi ya sha kwana. A babban titi tirela ta buge shi, aka ɗauko gawarsa, ƙafar kujerata a hannunsa.

Yanzu duk wanda ya zo gaisuwa sai ya girgiza kai, wai ƙwaya ta ci shi. Jiya da kunnena na ji uwar tana cewa, "Na yafe masa, amma ya ci amanata." Yaron da ya roƙi maganinsa da don Allah!

Ni ban yi boko ba, ban san ofishin da ake kai irin wannan ƙara ba. Ba kuma ɗaurin Babba nake nema ba. Kujerar tana nan a ƙofata, ƙafa uku, na jingine ta da bango. Duk fitar Babba sai ya wuce ta, ya sunkuyar da kai.

Ba za ta matsa ba, ni ma haka. Sai ran da ya zo ya durƙusa gaban tsohuwar uwarsu, ina tsaye, ya faɗa mata da bakinsa wace ƙwaya ya zubar.