Injin Baba Gajere

Tun ranar da Isiyaku kafinta ya sayo sababbin injuna masu batirin zamani, tsofaffin suka zame masa abin kunya. Sabon batir yini yake yi yana aiki. Tsohon kuwa, ka huda katako huɗu ya fara nishi. Ga shi ba ya shiga sabon inji, sabon ma ba ya shiga tsoho. Sai ya tattara zarton batir da caja da batira uku zai sayar.

Matsalar ɗaya ce, injin huda katako. Baba Gajere, maigidan da ya koya masa sana'a, shi ya damƙa masa shi ranar liberasiyo, bikin yaye ɗan koyo, gaban duk kafintocin Sokodé. Har sunansa, Gajere, ya ƙona a mariƙin da ƙusa mai zafi. Irin wannan kyauta ba a sayar da ita, kowa ya sani, Isiyaku ma ya sani. Shi ya sa ya hau mota har Dapaong, inda ba wanda ya san Gajere.

Mai sayen, wani kafinta Huseini, ya juya injin ya ga rubutu.

"Wane ne Gajere? Kar ka kawo mini kayan sata fa."

"Maigidana ne," in ji Isiyaku, ya sunkuyar da kai. "Ya rasu."

Huseini ya yi masa ta'aziyya, har da addu'a. Isiyaku ya shafa da hannu biyu, bai ko ƙifta ido ba.

Bayan sati biyu Sokodé ta rikice. Zanga-zanga, ƙona tayoyi, barkonon tsohuwa har cikin ɗakuna. Baba Gajere mai ciwon ƙirji ne, hayaƙin ya kusa yi masa abin da Isiyaku ya riga ya sanar. 'Yarsa Zuwaira ta aiko aka ɗauke shi. Ina take aure? Isiyaku bai taɓa tambaya ba. Da aka ce masa Dapaong, sai ya lallashi kansa da cewa gari ne babba.

Da ƙura ta lafa, wata safiya zemijan, babur ɗin haya, ya tsaya ƙofar shagonsa. Baba Gajere ya sauko da leda a hannu.

"Baba, sannu da hanya! Ya jiki?"

"Jikin mamaci ai sai godiya." Ya zauna kan benci. "Ƙofar Zuwaira ce ta ɓalle, aka kira kafinta. Yaron kirki, Huseini. Na ga sunana a mariƙin injinsa, na tambaye shi mai sunan nan, ya ce Allah ya jiƙansa. Na ce amin. To me zan ce?"

Ya zaro injin daga leda. Isiyaku ya ji kunya ta rufe shi har tafin ƙafa. Ya durƙusa cikin garin katako.

"Baba, batirin ne ya mutu..."

"Na sani. Da shi ka ce ya rasu, da ba ka yi ƙarya ba."

Isiyaku ya miƙa hannu biyu zai karɓa. Tsohon ya mayar da injin cikin leda, ya ƙulle bakinta.

"Na fanshi abina. Ka riƙe sababbinka."

Shekara goma sha huɗu Baba Gajere bai taɓa fita shagon nan ba tare da ya ce Allah ya yi albarka ba. Isiyaku yana durƙushe yana jira, har ƙarar zemijan ɗin da ya ɗauki tsohon ta ɓace.