Reshen da Kotone Ta Karya

"Kotone! Sauke hannunki!"

Kafin Sanae ta rufe baki, reshen ya yi ƙas. Masu cin abinci a kan tabarmi a gindin bishiyoyin sakura, masu furen nan da ake taruwa kallo sau ɗaya a shekara, duk suka juyo. Kunya ta rufe ta, don a garin nan ko wanda ya bugu ba ya karya reshen sakura. Ta dafa kan 'yar tata mai shekara biyar, suka sunkuya tare suna ba da haƙuri.

"Na Kaka Shigeru ne," in ji yarinyar, tana ƙanƙame da reshen. "Ba ke kika ce ba zai iya zuwa ba?"

Haka ne kuwa. Tsoho ne maƙwabcinsu, katanga ɗaya. Shekara da shekaru shi ke kula da bishiyoyin bakin kogin, yana fatattakar yara da tsawa. Bana yana kwance, likita ya hana a ɗaga shi, ba shi da buri sai ya ga furen. Ga furen ba ya wuce mako, kuma an ce gobe ruwa.

Sanae ta san bakin tsohon, ta so ta jefar da reshen a hanya. Ta kasa.

Suka tuɓe takalma a ƙofar gidansa. Yana kan shimfiɗa a ƙasa, ya rame ƙwarai. Ya buɗe ido a hankali.

"Wane ja'iri ne ya yi wannan ɓarna?"

"Ni ce, Kaka."

"Ke? Da wannan ɗan hannun kamar na kwaɗo?"

"Baba, laifina ne, ban lura..."

"Yi shiru, Sanae. Ke kuma matso da shi, idona ba na jiya ba ne."

Ya daɗe yana kallo. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne.

"Bana sun yi kyau," ya ce. "Wacce kika karya?"

"Ta kusa da gada."

"To, ciwo kika ji mata. Akwai gwangwanin magani a rumfata. In ruwa ya ɗauke ki shafa mata, kar ta ruɓe. Kin ji ko?"

"Za ka zo ka gani?"

"Zan wuce ta wurin."

Washegari ɗansa ya ƙwanƙwasa musu ƙofa, da ganin fuskarsa Sanae ta gane tsohon ya rasu. Ta yi kuka sosai, amma can cikin ranta akwai ɗan sanyi: ya ga furen.

Ruwa bai ɗauke ba sai ranar da za a fita da shi. Sanae ta ɗora Kotone a wuya a gindin bishiyar, yarinyar na ta shafa magani, har ta cije harshe don himma. Baƙar motar da ke ɗauke da gawarsa ta hawo gada a hankali. Sanae ta sunkuyar da kai iya yadda za ta iya.

"Mama, tsaya daidai mana, saura kaɗan."

Ta miƙe. Furen da ruwa ya kakkaɓe ya rufe kogin, yana tafiya a hankali ta ƙarƙashin gada.