Ƙusa a Bangon Dama

Salmatu tana tsintar shinkafa a ƙofar ɗakinta ta ji guduma ta sauka a bango. Saura kaɗan farantin ya suɓuce mata. Ta ƙame, ta kasa kunne. Aka sake bugawa, sai kuma wani abu mai nauyi ya faɗi rigijib, tsani ya biyo bayansa da ƙara. Daga nan ba ta ƙara jin motsi ba.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da Zauren Zane, tsohon siton kaya da ke bayan tashar motar Jibiya, wanda Malam Zunnuraini ya mayar gidan nuna zane-zane. Mutumin Maraɗi ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana zana zaki da ɗawisu a bayan manyan motoci, da tsufa ya zo sai ya ce ya gaji da zana abin da zai tafi ya bar shi. Babu hannun gwamnati a lamarin, shi kaɗai ne da fentinsa da taurin kansa. Samari daga Katsina da Maraɗi sukan kawo abin da suka ƙera da jarkokin fetur da tsofaffin sarƙoƙin babur, su jera, su ja baya suna gyaɗa kai kamar su ma sun gane. A tsakar gidan akwai dandamalin ƙasa inda ake wasan kwaikwayo ranar Asabar. Mutanen unguwa sun daɗe da yanke hukunci cewa hauka ne, amma su ne ke fara kama wurin zama.

Babban ɗakin ne kawai ba a yi wa dariya. Tun da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, Malam Zunnu ya shiga zana fuskokin waɗanda aka ɗauka, daga hotunan waya da dangi ke kawo masa. Wanda yake daji har yanzu, hotonsa na bangon hagu. Wanda ya dawo, a sauke nasa a ba shi ya tafi da shi gida. Wanda aka tabbatar ya rasu, a mai da shi bangon dama. Waɗanda aka sako sukan biyo ta wajensa a ɓoye su gaya masa wanda suka bari da rai da wanda suka binne da hannunsu, don shi bakinsa a rufe yake, kuma a garin ba ka san kunnen da ke kai wa daji labari ba. Sai ya buga ƙusa, ya rataye hoton, ya sa hula ya tafi gidan mamacin da ƙafarsa. In malamai sun nemi shaida kafin mace ta shiga takaba, shi ke haɗa su da mai labarin a asirce.

To, bangon daman nan shi ne bayan gadon Salmatu. Mijinta Ɗantala direba ne, tun farkon damina 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Gangara suka tafi da shi, kuma uwarsa ce ta kai hotonsa aka zana. Salmatu ba ta taɓa taka ƙofar zauren ba. Tsoronsa take ji. Duk ƙusar da aka buga a cikin ƙirjinta take jin ta, ta zauna tana jiran sallama a ƙofa, har sai ta ji takun tsohon ya wuce gidanta ya yi gaba.

Yau kuwa ba taku. Lahadi ce, kowa ya tafi kasuwa, layin ya yi tsit. Ta figi mayafi ta fita ba takalmi, ta leƙa gidan Inna Abu, tsohuwar da ke tsallaken lungu.

"Inna Abu! Malam Zunnu ya hwaɗi, na ji shi ta bango. Ki kira maza, don Allah!"

"Subhanallahi! Bari in kai tasha, ke ki shiga ki duba shi."

"Ni?"

"To wa? Akwai wani a layin nan?"

Ta tura ƙofar langa-langa, warin fenti da kananzir ya tare ta. Fuskoki ne hagu da dama tun daga ƙasa har kusa da rufi, manoma, amare, wani mai shayi da ta sani, duk sun zuba mata ido. Ta sunkuyar da kai don kada ta ga gurbin da babu hoto a hagu.

Yana kwance a gindin bangon dama, hularsa can gefe, gumi ya jiƙa masa gemu. Hoton da ya hau ratayewa ya faɗo a kife kan ƙirjinsa, bayan katakon ne a sama. Numfashinsa na fita da ƙyar. Dole a ɗage hoton, kuma babu mai ɗagewa sai ita. Ta runtse ido, ta cicciɓi hoton ta jingine shi da bango, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Amma ido ba ya zama a rufe har abada.

Ɗantala ne. Da tsagen kumatunsa, da hular nan da yake karkatawa gefe ɗaya, da murmushin da yake yi in ya yi laifi. Ta durƙusa a gefen tsohon.

"Salmatu," ya ce, muryar can ƙasa. "Ba haka na so ki gani ba, ɗiyata. Gidanki zan taho."

"Malam, wa ya hwaɗa maka? Ina aka sa shi? Yaushe?"

"Wani mutum... jiya da marece ya..." Tari ya sarƙe shi, ya dafe ƙirji, yatsunsa duk shuɗin fenti.

Ta ɗebo ruwa a butar da ke gefe ta shafa masa a leɓe. Da ta taɓa ƙafarsa ta ji ta yi sanyi. Ita ce ta zauna da mahaifiyarta ranar da za ta cika, ta san irin wannan numfashin da ke hawa ba ya son saukowa. Abin da ya rage a bakinsa bai wuce kalmomi kaɗan ba. In ya kashe su kan sunan mai labarin, za ta san kabarin mijinta, malamai su ba ta izinin takaba, ta san matsayinta a duniya. Amma sai tsohon ya tafi da sunan wani mutum a bakinsa, ba kalmar shahada ba, ga shi ba ɗa, ba ɗan'uwa a kusa, danginsa duk suna ƙetaren iyaka. Ta dubi ƙofa ko Allah zai kawo wani ya ɗauke mata wannan. Ba kowa.

"Sunanshi," ya ce, yana kokawa da harshensa. "Mutumen... na wajen..."

"Bari, Malam." Ita kanta ba ta san lokacin da ta faɗa ba. Hawaye na zuba a kan rigarsa. "Bar shi. Ce La ilaha illallah."

Ya kalle ta kamar zai yi gardama, don shi mai gardama ne. Ta maimaita a hankali kusa da kunnensa, ta sake maimaitawa. Leɓensa suka motsa, ya bi ta har ƙarshe, kalma bayan kalma.

Bai cika nan take ba, kuma wannan ne ya fi mata zafi. Idonsa ya washe, ya tsaya a kanta tar, kamar mai jiran a tambaye shi. Tambayar na nan kan harshenta. Ta cusa gefen mayafi a baki ta cije, ta riƙe hannunsa har ta ji ya saki nata. Ta shafe masa ido.

Da Inna Abu ta iso da direbobin tasha, sai salati ya cika zauren. Suka ga gawar, suka ga hoton a jingine, kowa ya kau da kai daga Salmatu. Aka ɗauke shi zuwa tsakar gida, aka ja labulen 'yan wasa za a yi masa wanka. Inna Abu ta kamo hannunta ta mai da ita ɗaki.

"Ya hwaɗa maki wanda ya kawo labarin?"

"A'a."

"Ko wurin?"

Ta girgiza kai.

Tsohuwar ta ce, "Allah shi ji ƙanshi. Amma ɗiyata, kin san malamai ba su amsar shaidar hoto."

Salmatu ta zauna bakin gado. Ta ɗaga hannu ta zare ɗan kunnenta na dama, kamar yadda ta ga mata suna yi ranar da aka kawo musu labarin rasuwar miji, ta riƙe shi a tafin hannu. Ta kai yatsu ɗaya kunnen, suka tsaya a nan. Ta bayan katanga tana jin ana zuba ruwa a bokiti.