'Yan Tsakin Baba Mai Agogo

Hannuna na cikin akurki, ƙarƙashin kazar, sai na ji wani abu mai laushi ya motsa a tafina. Uwar Rigima, sunan kazar ke nan, ta kai mini sara a bayan hannu, ko zafin ban ji ba. Na ɗaga fiffikenta na leƙa: 'yan tsaki biyar, biyu ko bushewa ba su gama ba. Alhali a lissafin mai kazar saura mako guda cur.

Mai kazar maƙwabcina ne, Baba Mai Agogo. Shekara goma sha shida katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma rabinsu a faɗa muka yi su. Kajinsa su tsallako su tone mini tumatir, ni in bi su da takalmi, shi kuma ya ce daga can, "Tela, a hankali, kin kusa samun mai kajin." Ɗinki nake yi, shi ya sa sunan ya bi ni. Da idonsa ya yi rauni ya rufe shagon gyaran agogo, ya kwaso waɗanda masu su ba su dawo karɓa ba ya jera a bangon ɗakinsa. Goma sha ɗaya ne, kuma tare suke bugawa. Da su nake sanin lokacin ɗora tukunya.

Yadda yake wa agogo haka yake wa ƙwai. Duk shekara in Uwar Rigima ta fara kwanci, sai ya samo ƙwan zabi ya saka mata, don zabuwa ba ta da haƙurin zama. Ƙwan zabi kwana ashirin da takwas yake yi, na kaza ashirin da ɗaya. Sai ya fara saka na zabin, ya jira mako guda, sannan ya ƙara na kaza, duk su fito rana ɗaya. In ba haka ba, da 'ya'yanta sun fito kaza za ta tashi da su, ta bar sauran ƙwan ya huce. Kowane ƙwai da kwanan wata a jikinsa, da fensir, rubutu ƙanana. Ranar ƙyanƙyasa kuwa ta katanga zai kira ni in zo in gani, yana washe baki kamar shi ya yi kwancin.

Bana ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ni nake zagayowa in ba kajin dusa. Da safen nan na ɗauki ɓawon da 'yan tsakin suka fasa, na jawo ƙwan zabi ɗaya na gwada. Kwanan watan iri ɗaya ne. Rana guda ya saka su duka, a makon da ciwon ya fara cinsa, ya je ya kwanta yana ganin ya jira kamar kullum.

Autarsa, wadda ta zo jinya, ta same ni tsugune.

"Yaya, ai sai a faɗa masa."

"Ba za a faɗa ba," na ce.

Ƙafa ta ƙi shi, ido ya ƙi shi, numfashi ma sai ya yi da gaske. Lissafi kawai ya rage masa. Yana kwance yake nuna wa Auta agogon da za ta gyara, kuma kowace safiya shi zai faɗi kwanakin da suka rage wa ƙwan. Ban ga da bakin da zan ce masa wannan ma ya kuɓuce ba.

Na kwashe 'yan tsakin a kwalin yadi, na shimfiɗa musu ƙyallaye, na tura su ƙarƙashin keken ɗinkina. Uwar Rigima ta yi ta ƙorafi tana leƙen ƙofar akurki, har na ɗauka za ta tashi. Can dai ta karkaɗe jiki ta koma kan ƙwan zabin bakwai. Ni da nake jifan kaji, sai ga ni ina ɓarza masara da kwalba a kan tebur ɗin yanka.

A kwana na uku na shiga gaishe shi. Ya rame ƙwarai, hularsa har ta yi masa yawa.

"Saura huɗu," ya ce.

"Saura huɗu, Baba."

"Tela, yaushe kika fara kiwo?"

"Kiwon me?"

"Ina jin 'yan tsaki ta katanga."

Na ce wata ƙawata ce ta ba ni. Ƙarya ba ta taɓa yi mini nauyi a baki kamar ranar ba.

"Allah sarki, ƙawar kirki. Biyar ne ko?"

Na shiga gyara masa bargo.

"Kukan sanyi suke yi da safe. Ki zuba ruwan ɗumi a kwalba, ki naɗe da tsumma ki sa musu." Ya huta kaɗan. "In lokaci ya yi, kada ki mayar mata da su da rana, sara za ta yi. Ki bari sai almuru. Ta baya za ki tura su, ƙarƙashin fiffike, ɗaya bayan ɗaya."

"In mayar wa wa, Baba?"

Ya lumshe ido. "Shekara arba'in ban yar da minti ɗaya ba, ga shi na yar da mako sukutum." Ya yi dariya, dariyar ta juye tari. Da ya lafa ya ce, "Kada ki gaya wa Auta na sani. Ta yi ƙoƙari, jiya har taga ta rufe mini wai iska."

Na fito na tsaya a bayan ƙofa na yi kukana, sannan na tafi ɗora ruwan kwalba.

Saura kwana biyu ƙwan zabin su fashe Baba ya cika, da hantsi, Auta na riƙe da kofin shayinsa. Allah ya jiƙansa. Gidan ya cika da mutane, takalma har bakin titi, ni kuwa ina zama cikin mata ina tashi in leƙa akurki, don tsoron hayaniya ta tayar da kazar. Ba ta tashi ba.

Ranar da ya ƙidaya, ranar 'yan zabin suka fito. Shida daga cikin bakwai, masu zane a ka, ƙafafu jajaye. Ban san lokacin da na ɗaga kai wajen tagarsa ba, kamar wannan karon ni zan kira shi.

Da almuru na ɗauko kwalin. 'Yan tsakin sun yi wayo, har gashin fiffike ya fara fito musu, kuma mako guda ke nan uwarsu ba ta gan su ba. Auta ta tsaya a bayana ta riƙe murfin akurkin. Na tura na farko ta baya. Uwar Rigima ta kumbura, ta karkata kai, ta ɗaga baki. Sai ɗan tsakon ya yi 'yar ƙara daga ciki, ita kuma ta amsa can ƙasan maƙoshi, ta ɗan ɗaga jiki. Na tura na biyu, na uku, na huɗu. Na biyar, wanda ya fi su ci, ya ƙi shiga, ya haye bayanta ya kwanta abinsa.

Daga ɗakin Baba agogo ɗaya ya fara buga ƙarfe bakwai. Wani ya biyo shi, wani kuma ya jira sai da suka yi nisa. Na ci gaba da tsugune, hannuna a cikin akurkin, har na ƙarshen ya gama.