Wa Ya Kai Ƙarar Basiru?

Basiru, dillalin shanu a unguwar Zongo, ya hana a yi wa 'yarsa Nusrat aikin ido, domin ƙanensa a hannun likitoci ya rasu. Ranar Talata sai ga ma'aikaciyar kula da yara da takarda.

"Wa ya turo ki gidana?" in ji Basiru.

"Ba zan faɗa ba, Alhaji. Amma in idon ya mutu, kotu za ta neme ka."

Ya zargi maƙwabta, har ya daina gaisawa da amininsa na kasuwar Kejetia. Bayan sati ya haƙura. Ya shiga ya gaya wa matarsa Azumi ta haɗa kayan asibiti, sai ya tarar da jakar a shirye tuntuni. Ya daɗe yana kallon Azumi, ita kuwa ba ta ɗago kai ba.