Gajeren Ngatun Lesieli

Shekarar da mahaifin Lesieli ya rasu, ita ce shekarar da aka sa ranar auren 'yarta Heilala, bayan Kirsimeti. Lesieli ta yi duk abin da ake yi. Ta sa baƙaƙen kaya, ta ɗaura tsohuwar tabarma a ƙugu, gwaggonta ta zo da almakashi ta yanke musu gashi ita da ƙannenta mata. Ƙauyensu, can a ɗan tsibiri, ya yi tsit, don ba a bugun ngatu, yadin ɓawon itace, ana makoki.

Da kwanakin suka wuce, mata suka koma kan gungumensu. Kowace ta jiƙa ɓawon itacenta, tana bugu har ya yi faɗi ya yi laushi kamar yadi. Lesieli ma ta koma. Sai dai hannun da ya saba bugu daga safe har rana ta take, yanzu kafin shayi ya huce ya yi nauyi.

Ita kuwa ba ta da lokacin nauyin hannu. A ƙungiyarsu, duk wata ana taruwa a haɗa wa mace ɗaya nata ngatun, a manna, a shafa launi, a zana. Kowa da juyinta, amma sai kin kawo kasonki a ranar wasu kafin a yi miki. Juyin Lesieli ya faɗo dab da bikin. Amaryar da ta fito daga coci ba ngatu a ƙarƙashin ƙafarta, ba ita za a kalla ba, uwarta za a kalla.

Sai ga sanyi. Ana zafin da ko aladu sun nemi inuwa, ita tana fama da rigar sanyi a ƙarƙashin baƙaƙen kaya. Mijinta Sitani, masunci ne, bakinsa ba ya hutawa.

"Sieli, zo ki zauna kusa da kifin nan, ba sai na je neman ƙanƙara ba."

"Kai dai ci doyarka ka bar ni."

Murya ta dushe, ta daina jan waƙa a coci. Fasto na tsakiyar wa'azi sai kanta ya faɗi a kafaɗar ta kusa da ita. Fata ta bushe, man kwakwa ba ya zama. Bayan gida sai da wahala. Ta sa gishiri a tukunya, ta juya, ta ƙara sawa. Jiki kuma ya cika, fuska ta yi suntum. A ƙofar coci mata na taɓa damtsenta suna cewa, "Lesieli, kin yi kyau. Sitani na ƙoƙari." Wurinmu ƙiba ba abin tambaya ba ce, abin yabo ce. Ita kaɗai ta san ɗan abin da take ci.

Sauran kuwa kowa cewa yake makoki ne, a bar ta, 'yar gaban goshin tsohon ce. Ita ma haka ta ɗauka, abin ya dame ta. Tsoho ya ga jikoki, ya cika da imani, don me jikinta ke ja da baya kamar mai gardama da hukuncin Ubangiji? Ta ƙara addu'a, ta ƙara azumi. Azumin ya ƙara kwantar da ita.

Ranar da aka taru yin ngatun wata, Lesieli ta kawo kasonta a ɗan kwando. Na wancan watan ma bai cika ba. Tsohuwar da ke riƙe da ƙungiyar, Siutiti, ta ɗaga ɗaya a rana. Kauri gare shi kamar fatar saniya.

"Wannan bugawa kika yi ko lallashinsa kika yi?"

Mata suka yi dariya. Lesieli ta sunkuyar da kai.

"Iya, ki yi haƙuri. Makokin nan ne."

"Matso nan. Cire ɗankwalin."

Ta cire. Siutiti ta daɗe tana dubawa.

"Rana ɗaya gwaggonku ta yanke muku gashi. Na ƙannenki ya sauko wuya. Naki ina? Ga fatar kai ina gani. Gefen girarki ma ya tafi, ita kuma ba wanda ya sa mata almakashi. Ke 'yar nan, na binne uwa, na binne miji. Makoki ramar da ni ya yi, ya hana ni barci. Bai taɓa sa ni rigar sanyi a wannan zafin ba. Gobe ki je asibiti."

"To, Iya. Juyina fa?"

"Juyinki na ba Pelenaise. Doka ce, ba a kanki na fara ba."

Lesieli ta koma gida. Washegari ta tafi ɗan asibitin tsibirin. Nas ta taɓa wuyanta, ta riƙe hannunta tana jin bugun jini, ta yi ta tambaya. Sanyi? Barci? Mantuwa? Lesieli sai "e" take cewa, har ta fara jin kunya. Aka ɗebi jini, jirgin ruwa ya tafi da shi babban tsibiri.

Da sakamako ya dawo, nas ta zaunar da ita.

"Mama, akwai wani ɗan nama a gaban wuya, likitoci na ce masa tayirod. Shi ke hura wutar jiki. Naki ya yi sanyi, shi ya sa komai ke tafiya a hankali. Ga ƙwaya. Ɗaya kullum da safe, da ruwa zalla, ki ɗan jira kafin shayi. Lokaci lokaci za mu duba jinin mu ga ko ta isa."

"Har yaushe?"

"Har iyakar rai. Ko kin ji garau, kar ki bari."

Lesieli ta juya kwalbar a hannu. Ƙwayar ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba.

"Wato ba rashin haƙuri ba ne."

"Ciwo ne, Mama, kamar kowane ciwo."

A hanyar gida ta biya kabarin tsohon, ta cire ciyawa, ta gode wa Allah. Kwalbar ta ajiye ta kan Littafi Mai Tsarki, tunda shi take fara ɗauka kowace safiya.

Magani bai yi gaggawa ba. Sati ya bi sati kafin ta ajiye rigar sanyi. Sitani ya ce tunda ta fara yi masa faɗa da ƙarfi ai ta warke, ta huta da ƙwayar nan. Ta ce in ya daina zuba wa injin kwalekwalensa mai ya ga yana tafiya, ya zo ya gaya mata.

Amma hannu bai dawo da wuri ba, biki kuma na matsowa. Ta je ta sami Pelenaise a gida, ta faɗa mata komai, ba ta ɓoye ba.

"Bugu ba zan iya ba tukuna. Zane kuwa a zaune ake yi. Ki bar min zanen naki duka, daga kai har ƙafa, ki yanka min abin da ya sawwaƙa."

Pelenaise ta san babu hannun zane irin na Lesieli a ƙauyen, ta kuma san darajar kayanta. Suka yi ta ja, har da fushi kaɗan, aka tsaya a kan abin da bai kai rabi ba. Lesieli ta zauna ƙarƙashin mangwaro tana zane kullum. In gajiya ta zo ta kwanta kaɗan, ba ta tambayi kowa izini ba.

Ranar biki aka shimfiɗa ngatun da ta samu daga ƙofar coci. Bai kai bakin titi ba. Heilala ta tako a kansa a hankali, sauran ta ƙarasa a kan ciyawa. Gwaggon ango, mace mai ido, ta tsaya daidai inda ya ƙare.

"Gajere ne," ta ce.

"Gajere ne, Gwaggo. Ciwo na yi bana, nan ƙarfina ya kai."

Matar ta sunkuya, ta bi layin zanen da yatsa, ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe ta ce wa 'yan mata su naɗe shi da kyau, kar yara su taka. Lesieli ta wuce bayan coci ta ga ko an buɗe ramin gashin doya da nama, don baƙi sun fara zama.